In Karatun Ya Amfane Shi

Ranar da aka zauna rabon gadon Malam Shehu ita ce ranar farko da wani mahaluki a Bukkuyum ya buɗe baki ya ce karatun Nazifi yana da daraja. Wanda ya faɗa kuwa yayansa ne Tasi'u, dillalin hatsi, mutumin da ya shekara goma sha biyu yana kiransa ɗan kama mai digiri.

Da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a zaure. Malam Labbo, aminin mamacin tun suna ɗaukar karatu tare a Gummi, shi ya zauna a kan buzu yana goge gilashinsa da bakin rawani. Tasi'u na damarsa, Nazifi na hagunsa. Ƙanwarsu Ruƙayya, wadda ta taso daga gidan mijinta tun asuba, ta zauna bayan ƙofar da ke shiga cikin gida, inda ba a ganinta amma babu wanda ya tsira daga bakinta.

Abin rabon ba shi da yawa. Gida an bar shi a haɗe. Akwai gonar daji, wadda damina uku ke nan babu wanda ya taka ta saboda 'yan bindiga. Sai gonar bayan gari, wadda mutum zai je da ƙafa ya dawo kafin shayi ya huce. A Bukkuyum ta yanzu, wannan kaɗai ake kira gona. Nazifi yana da mata da 'ya'ya biyu, da babur ɗin wani da yake kabu-kabu da shi. Da safen nan matarsa Hamida ta tsaya a kansa yana saka takalmi ta ce, "Don Allah kar ka je ka yi musu jawabi. Abin da aka ba ka, ka karɓa." A lokacin duk cikinsu babu wanda ya san za a yi gardama, in ban da Tasi'u, wanda ya riga ya leƙa takardar.

Takardar tana cikin gafakar Malam Shehu. Kwana biyu kafin ya cika, ya tara su ukun ya ce akwai rubutu da ya bari, su yarda da abin da ke ciki. Suka ce sun yarda. Ba a cewa mai jinya ya karanto tukuna a ji.

Malam Labbo ya warware ta, ajami ne da hannun mamacin, ya karanta a hankali.

"Gonar Fadama da na sayar saboda karatun Nazifi, a lissafa masa ita cikin rabonsa, in karatun ya amfane shi. In bai amfane shi ba, kuskurena ne, kada a ɗora masa."

Ya ninke ta, ya dubi kowa.

"Bari in gaya muku gaskiya. Shari'a ba ta tilasta ku bin wannan. Abin da uba ya kashe wa ɗansa da ransa ya wuce. Amma ku ukun kun ce kun yarda, ni kuma ina zaune na ji. In an lissafa Fadama, Nazifi ya riga ya ci rabonsa, ba shi da ko taku ɗaya a gonar bayan gari. In ba a lissafa ba, yana da kashi biyu cikin biyar kamar yayansa. Saura abu guda. Ya amfane shi ko bai amfane shi ba?"

"Ya amfane shi, Allah gafarta Malam," in ji Tasi'u. "Ƙwarai kuwa."

Nazifi ya juya ya dube shi. Sai ga Tasi'u ya zaro wani abu daga bayansa, naɗe a sallaya. Takardar digirin ce a cikin gilashinta, wadda Nazifi ya cusa bayan akwati tun shekarar da aka haifi ɗansa na fari. An goge ta tas. Ko ranar da aka kawo ta gidan ba ta yi wannan ƙyallin ba.

"Malam ya dubi hatimin nan. Ja ne. Ba kowace takarda ake yi wa ja ba."

Malam Labbo ya karɓa, ya riƙe ta nesa da fuskarsa, ya juya bayanta ko akwai ƙarin bayani.

"Mi anka rubuta?"

"Digiri ne a fannin wasan kwaikwayo, Malam," in ji Nazifi.

"Shekara nawa?"

"Huɗu. Da yajin aiki, biyar da rabi."

"Mi ake koyo?"

Tambayar da ya shekara goma sha biyu yana jiran wani ya yi masa ke nan, ga shi ta zo a ranar da bai kamata ya amsa ta da kyau ba. Ya ji bakinsa ya fara da kansa. Ya ce ana karanta tarihin wasanni na ƙasashe, da yadda ake rubuta su, da yadda ake tsara fili da haske. Ya ce ana koyon tsayuwa, da yadda mutum zai yi magana na can baya ya ji ba tare da ya ɗaga murya ba, da numfashi.

"Numfashi," in ji Malam Labbo.

"I, Malam."

"Kafin ka tafi ba ka iya ba?"

Ruƙayya ta yi tari bayan ƙofa. Nazifi ya tuna Hamida, ya rufe bakinsa.

Tasi'u ya gyara zama ya shiga lissafo amfanin. Ya ce in sojoji sun tare hanya, Nazifi ne ke yi musu Turanci a wuce. Ya ce iyayen Hamida ba su ba shi ita ba sai da suka ji mai digiri ne. Ya ce har a talabijin an nuna shi a Gusau, duk unguwa aka taru a shagon mai caji ana kallo.

"Minti biyu," in ji Ruƙayya. "Gawa ya fito."

"Ke, ba da ke ake ba."

"Da ni ake, Yaya, ina da kashi ɗaya. Kuma kai kac ce ko gawar bai iya ba, cikinsa na motsi."

Malam Labbo ya ɗaga hannu. Ya ce a bar talabijin, a yi maganar abin da ya shiga aljihu. Nazifi ya faɗa. Alawus na shekarar hidimar ƙasa, wanda ko kiwon kifi mutum ya karanta za a ba shi. Wata uku da wata ƙungiyar agaji ta ɗauke su suna zaga ƙauyuka da wasa a kan gubar dalma. Gawar Gusau. Tallan taki a rediyo, wanda har yau ana cewa ya dawo jibi ya karɓi kuɗinsa. Tasi'u, da yake kansa ba ya riƙe lamba sai an mayar da ita buhu, ya rufe ido ya auna da farashin gero na kowace shekara, kafin ya tuna ɓangaren da yake.

"Buhu bakwai," ya ce. Sai ya buɗe ido. "Ko tara."

"Fadama fa?" in ji Malam Labbo.

Kowa ya san buhu sittin ce, har da ɗoriya.

Nan Nazifi ya ga hanya, ya bi ta. Ya ce Malam ya dube shi. Shekara talatin da shida, yana kwana a ɗakin da aka haife shi. Ya kai takardar nan ofis goma sha, daga sakatariyar ƙaramar hukuma har Gusau, ko'ina sai a karanta a yi murmushi a tambaye shi ko ya san 'yan fim. Makarantar sakandare ma sun ce ba su da darasin da zai koyar. Ya ce ranar da 'yarsa ta yi zazzaɓi, sai da Hamida ta sayar da tukunyarta ta aure. Da ya zo kan tukunyar muryarsa ta karye, idonsa ya cika. Bai shirya hakan ba.

Tasi'u ya nuna shi da hannu biyu, kamar mai tallan rago.

"Malam ya gani? Wannan muryar ita anka saya da Fadama. Ni in na yi shekara ina ƙoƙari ba ni iya kawo hawaye haka. Har ni da na san shi na ji tausayi."

Malam Labbo ya leƙo ta saman gilashi yana duban Nazifi, duba na mai son ya gane ko zuma an haɗa ta da sukari.

"Kukan nan na gaske ne, ko na makaranta?"

Nazifi ya buɗe baki ya ce na gaske ne, sai ya lura cewa kafin muryar ta karye ya ɗan dakata, ya ja numfashi daga ciki, ya sauke idonsa kan tabarma, daidai yadda aka koya masa a shekara ta biyu. Tukunyar gaskiya ce. Zazzaɓin gaskiya ne. Dakatawar fa? Ya nemi inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara, bai samu ba.

"Ban sani ba, Malam," ya ce.

"To," in ji Malam Labbo. Ya shafa gemunsa. "Ni ma ban sani ba."

Tasi'u ya miƙe ya ce yana da shaida. Ya fita, ya dawo da wani dattijo siriri mai hular saƙi, riƙe da ƙwarya a rufe da faifai. Ya ce sunansa Ɗanmusa, daga Tungar Guru, yana kawo masa wake duk ranar kasuwa, kuma ya daɗe yana tambayar yaron nan mai wasan turmi.

Da gani ba a gaya wa Ɗanmusa abin da ake yi ba. Ya gaida Malam, ya yi ta'aziyya, sannan ya hango Nazifi, fuskarsa ta washe gaba ɗaya. Ya durƙusa ya ajiye ƙwaryar a gabansa. Ƙwan zabi ne.

"Shi ne. Wallahi shi ne. Ya yi ƙiba kaɗan."

Malam Labbo ya ce ya faɗi abin da ya sani.

"Allah gafarta Malam, ka san abin da ya same mu shekarun baya, da yara sunka yi ta mutuwa. Likitoci sun zo, sun yi aiki, Allah shi saka musu. An kwashe ƙasar gidaje an zuba sabuwa. To bayan an kwana biyu, mutane munka koma. Dutsen zinari shi ka ba mu abinci. A kawo shi gida, a daka a turmi, a niƙa, ƙura ta tashi, yara na rarrafe ciki. Masu lasifika sun zo sun yi ta faɗa. Mu ce to, in sun tafi mu ci gaba. Wanda bai ci tuwon gidanka ba, faɗansa bai da nauyi."

Ya nuna Nazifi da haɓa.

"Sai wanga ya zo da abokansa, sunka yi wasa bakin masallaci. Mun zo kallon dariya ne. Shi ya fito uban gida, shina dakan dutse a turmin matarsa. Can ɗiyarsa ta mutu. Zane ne anka naɗe, kowa na gani zane ne. Mun ce yanzu za shi kururuwa mu yi dariya. Bai yi ba. Ya zauna ƙasa ya ɗora ta a cinya, shina ta gyara mata ɗan kallabinta. Ya gyara, ya sake gyarawa. Ba ya cewa komi. Malam, filin nan ko akuya ba ta yi kuka ba."

Ya ci gaba.

"Da na koma gida na fidda turmin waje na sa mai wuta. Mai ɗakina ta ce na haukace. Nusaiba lokacin tana koyon tafiya. Yanzu ga ta nan, izu arba'in gare ta, bakinta ya fi na uwarta. Ƙanena da ke gida ɗaya da ni bai zo kallon ba, ya tafi ramin zinari." Bai ƙarasa zancen ƙanen ba, babu kuma wanda ya nemi ya ƙarasa.

Shekara goma sha ɗaya da wasan nan, babu wanda ya taɓa ce wa Nazifi ko sannu. Ya kai takarda ofis goma sha yana neman mutum ɗaya da zai ce abin da ya iya abu ne, ashe mutumin yana Tungar Guru yana noman wake. Ga shi ya zo har gida, da ƙwai, zai raba shi da gona.

Tasi'u ma jikinsa ya yi sanyi, amma dillali ne.

"Malam ya ji. Rai guda. Buhu nawa ne rai?"

"Takarda ba ta ce in ya amfani mutane ba," in ji Ruƙayya, a hankali wannan karon. "Ta ce in ya amfane shi."

"Lada fa? Lada ba amfani ba ne?" in ji Tasi'u.

Malam Labbo ya daɗe yana kallon rubutun amininsa, kamar yana jin haushin wanda ya mutu ya bar shi da wannan.

"Lada amfani ne," ya ce. "Ya fi gona. Amma lada na bin niyya, ni kuwa ba ni ganin niyya." Ya juya ga Nazifi. "Kai za ka faɗa. In ka yi abin nan don Allah da tausayin mutanen nan, to karatunka ya amfane ka amfanin da ba ni iya aunawa, mahaifinka bai yi kuskure ba, a lissafa Fadama. In aiki ne anka biya ka ka yi, to mun riga mun auna, buhu bakwai ne. Ka san mutumin nan?"

Ɗanmusa yana murmushi yana jira. Bai fahimci zancen Fadama ba, ya dai ji an ce lada, ya gyaɗa kai.

Nazifi ya dubi ƙwan zabin. Ya tuna mai babur, wanda ya ce bayan salla zai karɓi abinsa ya ba ƙanen matarsa. Ya tuna buhun geron da ke ɗakinsu, wanda Hamida ke auna shi da ido kowace safiya ba ta cewa komai. Kashi biyu cikin biyar na bayan gari zai ciyar da mutum huɗu wata bakwai, in damina ta yi kyau.

Ya daidaita kafaɗunsa. Ya sa muryarsa ta fito a shimfiɗe, babu hawa babu sauka.

"Ƙauye goma sha ɗaya muka zaga, Malam. Mutane da yawa ne, ba zan iya tunawa ba. Dubu ɗaya da ɗari biyar ake ba mu a rana, da shinkafa a leda. Da ba a biya ba, da ban je ba."

"Ni na zauna gaba," in ji Ɗanmusa. "Ka dube ni. Ka daɗe kana dubana."

"Haka ake koya mana, Baba. Ka zaɓi mutum ɗaya a gaba ka dube shi. Kowane gari akwai wanda nake duba."

"Kallabin fa?"

"Yana cikin tsarin wasan. Duk inda muka je haka nake yi."

Murmushin bai bar fuskar Ɗanmusa nan take ba. Ya ɗan jima a wurin, kamar baƙon da bai gane an sallame shi ba. Ya dubi Tasi'u, ya dubi Malam, ya sake duban Nazifi.

"To," ya ce. "To. Ai ko hakan ne, an gode."

Wannan karon babu wanda ya tambayi Nazifi ko na gaske ne ko na makaranta. Kowa ya yarda da shi.

Malam Labbo ya yanke. Karatu bai amfani Nazifi ba. Sayar da Fadama kuskuren Malam Shehu ne, kamar yadda ya rubuta da hannunsa, Allah ya gafarta masa. Bayan gari kashi biyar, gobe a je da igiya. Aka shafa fatiha.

Tasi'u ya zauna yana kallon takardar digirin da ya goge da hannunsa. Rabonsa na gona ya ragu, amma an tabbatar a gaban malami cewa shekara goma sha biyu yana da gaskiya, ya kasa gane wanne zai ji.

"Da ma na faɗa tun farko," ya ce, ba ƙarfi.

"Ka faɗa, Yaya," in ji Ruƙayya. "Yau kuma an rubuta Baba ya yi kuskure. Kowa ya samu."

Ɗanmusa ya yi sallama ya fita. Ya bar ƙwaryar, don abin da aka kawo ba a komawa da shi. Nazifi ya yunƙura zai bi shi, Malam Labbo ya riƙe hannun rigarsa, ya ce a tsaya a rubuta, kowa ya sa hannu, kada gobe wani ya ce bai ji ba. Aka nemo biro. Biron bai yi ba, aka nemo wani. Aka yi gardamar wanda zai kawo igiya. Aka kira azahar.

Da aka sallame ya hau babur ya nufi tasha. Ranar kasuwa ce, sai da ya ratsa masu buhuna da masu awaki. Ya tambayi motar Tungar Guru. Wani mai sayar da rake ya ce ta tashi tun ɗazu, ai yanzu ba mai bari la'asar ta same shi a hanyar nan.

Wata mata da kaya a ka ta tambaye shi ko zai je bakin asibiti. Ya ce mata a'a, sannan ya ce i, sannan ya zauna bai tayar da babur ɗin ba har ta gaji ta hau na wani.

Ya san zai iya samun mutumin wata ranar kasuwa a rumfar Tasi'u. Ya kuma san ba zai je ba, don abin da zai faɗa, in ya shiga kunnen Tasi'u, gonar ce za ta koma gaban Malam Labbo.

Ya tuna Ɗanmusa sarai. Riga shuɗiya da ta koɗe, a gaba ta hagu, da yarinya a cinya tana tsotsar igiyar rediyonsa. A tsarin wasan, kururuwa ya kamata Nazifi ya yi, da dogon jawabi a kan dalma, haka kuma ya yi a ƙauye goma. A Tungar Guru kaɗai ya ɗauki zanen ya nemi jawabin ya rasa, kansa ya zama fayau. Ya ɗaga ido don kada a gane, sai ya ga wani mutum a gaba yana gyara wa 'yarsa kallabi, yana sake gyarawa, bai ma san yana yi ba. Sai ya kwaikwaye shi.

Abin da ya so ya ce masa ke nan: Baba, ba a makaranta na koyo ba, a wurinka na gani.